Ziyara Ƙasar Morai: Kasuwar Talata, Ruwan Bakolori da Gidan Kotso

Garuruwa kaɗan ne a ƙasar Hausa ranar kasuwarsu ta manne wa sunansu har aka daina raba su. Talata Mafara tana cikinsu. Sunan garin Mafara, sarkinsa kuma Sarkin Mafara, amma kasuwar da ke ci ran Talata ta yi ƙarfin da duk mai ambaton garin sai ya fara da ranar. Haka yake a taswira, haka yake a bakin 'yan kamasho a tashar mota.

'Yan makaranta, a wannan makon filinku ya leƙa ƙasar Morai da yankin da ya haɗa Talata Mafara da Bakura da Maradun a shiyyar Zamfara ta Yamma. Ita kanta Morai tsohon gari ce a cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. Mun san da yawanku a labaran rediyo kuka fara jin waɗannan sunaye, kuma galibi ba a kan abin daɗi ba. Mu kuwa mun je ne mu ga yadda mutanen wurin ke wuni, abin da suke ci, da abin da suke saurare idan sun tashi daga aiki. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Hanya

Idan ka taso daga Gusau ka nufi Sakkwato, sai ka wuce Bunguɗu da Maru kafin ka iso Mafara, wadda ke kusan tsakiyar tafiyar. Da hantsi muka kama hanya, domin direbobin wannan titi sun fi son tafiyar ido na ganin ido, su ajiye mota kafin magariba. Ƙarshen kaka ne. An riga an kai gero gida, ana yankan dawa, amalanken shanu ɗauke da dammuna suna bin gefen kwalta a hankali.

Ga abin da zai yi muku amfani a darasin tarihi. An cire Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tun daga 1999 kowace ɗaya daga ƙananan hukumomin nan uku ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. A Mafara kuma akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da jami'ar jihar da aka kafa a 2018, a Bakura akwai kwalejin aikin gona. Don haka in ka shiga gari da safe, ɗalibai masu jakunkuna da 'yan kabu-kabu da ke kai su ne za su fara cika maka ido. Kabu-kabu shi ne abin da Kanawa ke kira acaɓa.

Ran Talata

Tun daren Litinin ake gane gobe kasuwa. Manyan motoci na shigowa su yi layi, masu abinci suna jiƙa shinkafar waina, fatake na neman masauki wajen dillalansu. Kafin rana ta ɗaga, hanyoyin da ke shigowa daga ƙauyuka sun cika da babura da jakuna da mata masu ƙwaryar nono a ka.

Baƙo na iya zaton kasuwar kauye hayaniya ce kawai, amma kowane kaya da wurin zamansa. 'Yan hatsi suna gefe guda da buhunan gero da dawa da masara da shinkafa, suna awo da tiya. Kara, inda ake cinikin shanu da tumaki da awaki, tana nata ɓangaren. Can muka daɗe muna kallon dillali yana kai da komo tsakanin mai dabba da mai saye, ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya koma wa wancan, har a sallama a biya shi la'ada. Rumfar maƙera ba ta buƙatar mai nuna hanya, ƙarar uwar maƙera ce za ta kai ka. A nan ake sayar da fartanya da galma da lauje, kuma da yake lokacin girbi ne, lauje ya fi tafiya. Kusa da su ga masu tabarmi da faifai da igiya, ga tukwane da tulu da randa, ga 'yan koli da madubi da allura da kwalli. Yawancin sana'o'in nan suna da shugabanninsu, irin su Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera, waɗanda ake kai wa ƙara in an sami saɓani kafin magana ta yi nisa.

Da azahar muka nemi abin taɓawa. Mun sha fura da nono, mun kuma ɗanɗana hoce, wani abinci na garin dawa da ake gasawa a ci da miya ko da ƙuli-ƙuli, wanda Zamfarawa da Sakkwatawa suka san daɗinsa. Yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa matafiya da masu wuni a gona ke riƙe shi guzuri.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, rabin abin da ake yi a kasuwar ba ciniki ba ne. A nan ake sanar da ranar ɗaurin aure da suna, a nan ake jin wanda ya rasu a ƙauyen da ke nesa a shirya zuwa ta'aziyya. Mai bin bashi ya san inda zai tarar da wanda yake bi. Tsofaffin da suka yi yarinta tare, aure ko noma ya raba su, ran Talata suke ganin juna.

Ku kasa kunne ga harshen

Wanda ya saba da Hausar littafin makaranta zai ji wani abu daban a bakin mutanen nan. Inda littafi ya ce muka, kuka, suka, aka, su sai su ce munka, kunka, sunka, anka. Harafin f yakan koma h: tahi, lahiya, hura. Me ya zama mi, 'ya'ya su ne ɗiya, mahauta kuma rundawa. Dattijo zai tare ku da fara'a ya ce, “Ɗiyana, daga ina kunka hito?” Amsar da ta dace ita ce a rusuna a ce, “Baba, daga Gusau muke,” sannan a bi da gaisuwa har ya gaji ya sake ku.

Wasu yaran yankin kan ji nauyin yin wannan karin harshe idan sun shiga Kano ko Kaduna, don gudun tsokana. Bai kamata ba. Daidaitacciyar Hausa ita ce ta rubutu da jarrabawa, kuma wajibi ne ku iya ta. Amma manyan waƙoƙin fada da ake nazari a jami'o'i, da yawansu da wannan karin na yamma aka yi su, kuma wanda bai san shi ba sai an fassara masa abin da yaron Mafara ke ganewa da jin farko.

Ruwan Bakolori

Washegari muka nufi madatsar ruwa ta Bakolori, a kan Kogin Sakkwato. Kogin ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya zo nan aka tare shi, sannan ya wuce ya haɗu da Kogin Rima kusa da birnin Sakkwato. Wani kamfanin ƙasar Italiya mai suna Impresit ne ya yi ginin daga 1974 zuwa 1978. Tsawon madatsar ya kai kimanin kilomita 5.5, an tsara ta ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, tafkin da ta haifar kuma ya mamaye kusan hekta 8,000. Manufar ita ce a shayar da gonaki hekta 23,000, wani sashe ta hanyar magudanan ruwa, wani ta hanyar bututun feshi. Na feshin ya daɗe da tsayawa, magudanan ne manoma suka fi dogara da su. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ke kula da aikin.

Tsayawa a kan madatsar na sa mutum ya manta yana yankin da ruwan sama ke ɗaukewa wata bakwai. Masunta na jefa birgi daga cikin kwalekwale, mata na jiran tarwaɗa da karfasa a gaɓa. A gangare kuma, wajen Mafara da Bakura, ana gyaran fangali don noman rani: shinkafa, alkama, masara, dankali, albasa, tumatir da tattasai. Wannan ruwa ne ya sa kasuwar Talata ba ta rasa ɗanyen kaya ko a tsakiyar bazara, shi ne kuma ya sa samari da yawa ke samun aikin yi a gida maimakon tafiya cin rani.

Sai dai ruwan ya zo da tsada. Tafkin ya cinye gidaje da gonakin dubban mutane, aka tashe su, aka sake wa wasu matsuguni a Sabuwar Maradun. Manoma sun yi ta kukan diyya da rabon gonaki, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, 'yan sanda suka far musu, aka rasa rayuka da dama. Masana a ciki da wajen Nijeriya sun yi rubuce-rubuce a kan abin da ya faru, kuma ana kawo shi misali a duk lokacin da ake maganar yadda babban aikin gwamnati zai iya cutar da waɗanda aka ce don su aka yi shi, idan ba a saurare su ba. Har yau akwai tsofaffin da za su iya nuna maka saitin inda gidansu yake a ƙarƙashin ruwa.

Gidan kotso

Daga babban titi, a Lambar Bakura ake ratsewa a shiga Bakura, garin Sarkin Burmi. Maradun kuwa, garin Sarkin Ƙaya, tana can ɓangaren tafkin. Abin da ya ɗaure garuruwan nan biyu da Mafara, bayan ruwa da auratayya, shi ne kiɗa.

A Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma gidansu ne ya zama na makaɗan Sarkin Ƙayan Maradun, shi ya sa duniya ta san shi da Ɗanƙwairo Maradun. Ya taso yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan wansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, waƙoƙin da har gobe ake sa su a gidajen rediyo, ya kuma waƙe sarakuna da yawa na ƙasar Hausa. Ya rasu a 1991.

Daga Faru, cikin ƙasar Maradun, Alhaji Sa'idu Faru ya fito, wanda ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa. Babban ubangidansa shi ne Muhammadu Macciɗo, wanda ya zauna a Talata Mafara da sarautar Sarkin Kudu tun a shekarun 1950, daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1996 har zuwa rasuwarsa a 2006. Kafin su duka, Mafara ta yi Ibrahim Gurso, makaɗin fada na zamanin da. A fagen noma kuma sunan Amali Sububu ba ɓoyayye ba ne.

Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru duk da kotso suka yi kiɗa. Kotso ganga ce mai siririn tsakiya kamar kalangu, amma baki ɗaya kawai ake rufe mata da fata, ɗayan a buɗe yake. Da hannu ake kaɗa ta, ba da makaɗi ba, ana matse tsarkiyarta don sauya amo. A al'ada kiɗan sarauta ce, ba a yi wa kowa da kowa. Ƙungiyar makaɗan fada tana da tsari: ga jagora mai bayar da waƙa, ga 'yan amshi masu karɓa su ƙarasa masa, ga maroƙi mai kirari yana sanar da kyautar da aka yi. Waƙar tana da gindi, wanda ake komawa gare shi, da ɗiya, waɗanda ke ɗauke da yabon ubangida da asalinsa, da zambo da habaici ga abokan hamayyarsa. Masu shirin jarrabawar Hausa, waɗannan kalmomi za ku gamu da su a sashen adabin baka.

Ku lura da abu ɗaya. Babu ɗaya daga waɗannan mutane da ya koyi waƙa a aji. Yaro yakan fara bin ƙungiyar gidansu tun yana ƙarami, yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana jin yadda ake jera sunayen kakannin sarki ba tare da an tsallake ko ɗaya ba. Shekaru ake yi a haka. Saboda haka waƙoƙinsu ma'ajiyar tarihi ce: sunayen sarakuna da hakimai da garuruwa da yaƙe-yaƙe suna ciki, wasu ma ba a rubuta su a ko'ina ba.

A cikin gari muryoyinsu ba su ɓace ba. Mun ji Ɗanƙwairo a rediyon mai shayi, mun ji shi a rumfar masu cajin waya, inda ake tura wa mutum waƙoƙi a katin waya a kan kuɗi kaɗan. Saurayi ɗaya zai sa a tura masa waƙoƙin finafinan Kano da na makaɗan fada a kati guda, bai ga wani saɓani a ciki ba.

Bayan la'asar a unguwa

Rayuwar unguwa tana farawa ne idan rana ta yi sanyi. Yara na dawowa daga Islamiyya, dattawa na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowace majalisa da mutanenta da irin hirarta. Bayan isha'i almajiran makarantar allo kan kewaye wutar kara suna karatu da ƙarfi. Can gaba kuma gidan kallon ƙwallo ne, inda magoya bayan Arsenal da Manchester United ke musun da ba ya ƙarewa, janareta na ruri a baya.

Kowane lokaci na shekara da wasansa. Da azumi, daga daren goma, yara kan fita tashe gida gida, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama mai magani, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Da Sallah sarki kan hau, hakimai da dawakansu su yi jahi a ƙofar fada, kuma a ranar ce za ka ga makaɗan fada a bakin aikinsu da idonka. Da kaka, lokacin da aljihu ya yi nauyi, sai dambe da kokawa. Dambe asalinsa wasan rundawa ne, kiɗansa kalangu. Ɗan dambe kan naɗe hannu ɗaya da zare, a yi turmi uku, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa an ce ya yi kisa. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ta sa ko wanda bai taɓa zuwa fagen dambe ba ya san sunan wannan gwarzo. 'Yan mata kuma nasu shi ne gaɗa a dandali idan farin wata ya fito, da waƙoƙin da ƙanwa ke ɗauka a bakin yayarta.

Shekarar da kasuwa ta yi shiru

Ba za mu ɓoye muku ba, duk waɗannan abubuwa suna cikin matsi. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. An sako 279 ranar 2 ga Maris. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka sake ɗaukar ɗalibai a makarantar sakandare ta Ƙaya, cikin Maradun. Sa'o'inku ne, masu littafi da biro irin naku. A wannan lokaci gwamnati ta rufe makarantu, ta dakatar da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a jihar na tsawon makonni. Garin da ya ci sunan ranar kasuwarsa ya ga Talata ta zo ta wuce, rumfuna a rufe.

An buɗe kasuwa daga baya, makarantu sun koma. Amma mutanen ƙauyuka da yawa sun baro gidajensu sun dawo cikin Mafara da Bakura da Maradun, suna raɓe wajen dangi. A nan ne asarar da ba a ƙirgawa take. Kiɗan noma a wajen gayya yake rayuwa, idan an daina gayya don tsoron nisa da gari, gangar noma ba ta da wurin fita. Idan iyaye sun hana fita bayan magariba, kuma suna da hujja, yarinya ba za ta koyi waƙar gaɗa ba. Idan an taƙaita biki zuwa ɗaurin aure da rana a watse, ɗan makaɗi ba shi da inda zai yi amshi har ya ƙware. Waƙoƙin Ɗanƙwairo sun tsira domin an naɗe su a faifai da kaset. Waƙar daka da ta niƙa da ta reno da kakarku ta iya, babu wanda ya naɗa.

Duk da haka mun ga mutanen da ba su sallama ba. Manomi na ɗaure lauje a babur ya tafi gona da sassafe ya dawo da wuri. 'Yan mata sun mayar da gaɗa tsakar gida. A bakin makarantun da muka wuce, mun ga ɗalibai mata cikin farin hijabi suna shiga aji, kuma duk wanda ya san abin da ya faru a 2021 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin da ke gabanku

Abin da muka sani a yau game da makaɗan wannan yanki, da yawansa mun same shi ne domin wasu sun ɗauki littafi da na'urar naɗar magana sun bi su har gida. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki, littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa kuma yana hannun ɗaliban Hausa a ko'ina. Ku ma kuna iya fara irinsa daga inda kuke, ko a Morai kuke ko a wani gari.

Ku ware littafi guda. Ku zauna da kaka ko wani tsoho na unguwa, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku roƙe shi ya ba ku waƙar aiki ko tatsuniya ko kirarin garinku ko labarin yadda unguwarku ta samo sunanta. Ku rubuta yadda ya faɗa, da karin harshensa, kada ku gyara masa munka ta koma muka. Ku sa sunan garin da kwanan wata, ku tambayi ma'anar duk kalmar da ta shige muku duhu. In akwai waya a gida, ku nemi izininsa kafin ku naɗi muryarsa. Wanda danginsa suka taso daga wani ƙauye, ya tambayi sunayen unguwannin ƙauyen da rijiyoyinsa da ranar kasuwarsa, ya rubuta su tun masu tunawa suna raye.

Ku kai wa malamin Hausa ya duba, ku karanta wa juna a ƙungiyar Hausa ta makarantarku. Wanda ya ga nasa ya yi kyau ya aiko wa wannan fili, tare da sunan makarantarsa da ajinsa. Allah Ya zaunar da ƙasar Morai da sauran ƙasarmu lafiya.